Sunayen da Iya Ta Hana Ni

Wata Asabar da la'asar, a ƙauyenmu kusa da Kiyawa, na tarar da Iya, kakata, tana shafa wa wata tsohuwar garma man gyaɗa. Garmar da kakanmu mai bishara yake bugawa ce kamar ƙararrawa don a taru a yi sujada, kafin wasu su tare shi a hanyar gona su yi masa dūka saboda wa'azinsa. Kwana uku ya yi ya cika.

Na ce, "Iya, su wane ne suka kashe shi? In na girma sai na rama."

Ta yi dariya. "Kai, angona, da waɗannan ƙafafun kamar sillen kara?" Sai ta daina shafawar. "Na san su sarai. Kullum ina kai wa Ubangiji sunayensu, ya yi musu gafara. Kai dai ba za ka ji ba."

Na yi fushi, har na ƙi cin tuwo.

Yau shekaruna sun haura hamsin, ban san su ba. Wataƙila ma na sha fura a gidajensu. Duk wanda na gamu da shi a garin nan, da zuciya ɗaya nake gaishe shi. Gadon da Iya ta bar mini ke nan.