Rabin Malmala

Yelwa ta gutsure rabin malmalar da ke akushin ɗanta ta mayar tukunya. Ta tsaya ta duba, ta ƙara gutsurewa. Abin da ya rage ko yaron da aka yaye ba zai ƙosar ba. Ta rufe da faifai ta tura masa, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Tun kaka take wannan aiki, kuma ta gaji. A shekarar ne ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Tsafe zuwa Gusau, ana bin ƙauyuka ana ɗiban maza aikin diga. Bara aka ɗauki ɗan maƙwabciyarta Luba, ya dawo da tari, bai ga damina ba. Luba ce ta faɗa mata ta kan danga cewa dogarin da ke zaɓe ba ya tambayar shekaru, damtse yake matsawa. Mai tsoka ya tafi, ramamme a bar shi. Da rani kuma nan Rawayya za a zo.

Arzika kaɗai Allah ya bar mata cikin duk abin da ta haifa, ga shi ya ɗauko jikin kawunnansa, irin waɗanda ko ruwa suka sha sai ya zama tsoka. Don haka ta kafa masa doka. Ba fura, ba nono. Da safe ruwan tsamiya kawai, sai ya je daji ya yo itace ya dawo. Abinci sau ɗaya, bayan azahar: kwaɗon rama ba ƙuli, tuwo kaɗan, miyar kuka ba mai. Kafin ya sa hannu sai ya shanye ƙwaryar ruwa, in ya gama kuma ba kwanciya. Rana na faɗuwa an rufe baki sai gobe.

"Inna," ya ce wata rana a galabaice, "ko mai azumi yana shan ruwa da magariba."

"Ruwa kam sha," ta ce. "Ga randa can."

Ta faɗa ne da ƙarfin hali, amma da ta shiga madafa sai da ta zauna a kan turmi ta share hawaye. Uwar da ta raya yaro a shekarar yunwa da tafasa da dusa, yau ga rumbu cike, ita ce ke hana shi ci.

Abin da ya fi gajiyar da ita mijinta ne, Ɗantsoho. Duk zamansu ta san shi ba mai ci ba ne, siriri kamar karan dawa, loma kaɗan ya ce cikinsa ya kumbura. Amma tun da aka fara rage wa Arzika, sai ya buɗe ciki. Rabin malmalar da ta mayar tukunya, shi ke cewa a ƙara masa. Furar da aka hana yaro, shi ke damawa da hantsi. Ya sayar da akuyarsa ya sayo man shanu wajen Fulani, yana zubawa a tuwon dare. Zai ci yana gumi, yana nishi, ya kora da ruwan kanwa, ya miƙe a tabarma nan take.

"Malam, ko kunya ba ka ji?" ta ce ranar da haƙurinta ya ƙare. "Yaro na kallo, kai kana lasar akushi?"

"A zubar ne?" ya ce, bai ɗago ba. "Ƙaro mani miya."

Daga ranar ta daina yi masa magana sai ta dole. Shi ko a jikinsa. Ya gyara dangar gida tun kafin ta faɗi, ya yaɓe rumbu, ya sake jinkar ɗakinta alhali damina da sauran nisa. Ta ce a ranta, ai dole, wanda ya ci na mutum biyu ya yi aikin mutum biyu.

Sannu a hankali Arzika ya zube. Wuyansa ya yi tsawo, haƙarƙari ya fito, mazagin wandonsa sai an naɗa. Yelwa ta rasa ko murna za ta yi ko kuka. Ita ma barci ya ƙaurace mata, ta rame ba tare da an kafa mata doka ba.

Dogarin ya zo da hantsi wata ranar kasuwa, aka tara maza a ƙofar mai gari. Yelwa ta laɓe bayan danga tare da sauran mata, tana leƙe ta tsakanin kara. Ya bi layi yana matsa damtse, yana ware mutane gefe. Da ya iso kan Arzika ya kama hannunsa, ya jijjiga, ya taɓe baki ya sake shi. Yelwa ta dafa Luba tana godiya ga Allah.

Amma dogarin bai wuce gaba ba. Ya tsaya kan Ɗantsoho, ya matsa damtsensa, ya bubbuga kafaɗarsa, ya yi dariya.

"Lalle ka cika magana, Ɗantsoho. Da kaka na hwaɗa maka kowane gida sai shi ba da mutum guda, kuma ba mu ɗaukar ƙashi da rai irinka, kac ce in ba ka zuwa rani. To, ɗauko buzunka mu tahi, yaron shi zauna."