Tiyon Kifayen Baba

Wata yamma ina yaro, Baba ya ja ni kasuwar Garwa sayen tiyon zuƙe ruwan akwatin gilashin da yake kiwon kifayen ado. Duk wanda aka miƙo sai ya sansana, ya ce masu fetur sun taɓa shi, warin zai kashe masa kifi. Da ƙyar ya zaɓi wani kore.

A gida ya ce in tsotsi bakin tiyon, ruwa ya taho. Na tsotsa, ruwa mai ƙarni da kashin kifi ya cika mini maƙogwaro. Na durƙusa ina amai, ina jiran jin hannunsa a bayana.

Ya leƙa gilashin, ya ce, "Yawunka dai bai koma ciki ba ko?"

Baba ya daɗe da rasuwa. Ina yi masa addu'a, amma tambayar nan na kasa yafe ta.