Fuskar Hajiya Kuluwa

Mai gadin Dandalin Taurari, wurin shaƙatawar da kamfanin fim ya gina a Kano, ya tare tsohuwar jaruma Hajiya Kuluwa da mijinta, Malam Tanko.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. A sabuwar doka fuskarki ta kamfani ce. Sai kin rufe ta za ki shiga."

Ya miƙo mata fuskar roba, irin wadda ake raba wa yara. Tata ce, lokacin tana budurwa.

Tana sawa, Malam Tanko ya tafa. "Alhamdulillahi, amaryata ta dawo!"

Ta kai masa duka da jaka, tana ƙyalƙyala dariya.

Mai gadi ya waiga, ya rage murya. "A hankali, Hajiya. Dariyar ma sun saye ta."