Fuskar Suruka

Tun da asibitoci suka fara goge tamojin fuska da hasken leza, tsufa ya daina nunawa a Gusau. Aiki ne mai kyau, babu wuƙa, babu jini.

Ran nan Nafi'u ya shiga gidan surukansa, ya tarar da wata tana tankaɗe. Ya ɗauka Zulai ce, ƙanwar matarsa, abokiyar wasansa.

"Ke mummuna, ba kya gaida mijinki?"

Ta ɗago fuska sumul. Sai ya lura da busassun hannuwan da ke riƙe da rariyar. Surukarsa ce! Ya zube ƙasa, yana ganin aurensa ya mutu.

"Inna, ki gafarce ni."

"Tashi," in ji ta. "Rabon da namiji ya tsokane ni tun maigidana Malam na raye. Amma kada ka ƙara."