Turaren Maigida

Bari in ba ka misalin wani dattijo manomi. Matarsa gwana ce wajen haɗa turaren wuta, har daga wasu unguwanni ake aikowa a saya wa amare. Wata damina ta yi wani sabon haɗi, ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, na maigida ne shi kaɗai. Tun ranar da ta fara turara masa ɗaki da riguna, atishawa ta sa shi gaba, idanu suka yi ja suna ruwa, tari ya biyo baya. Baiwar Allah ta ɗauka mura ce. Ta aika kemis aka sayo maganin tari na kwalba, da 'yar ƙwayar nan mai tsayar da atishawa ta kuma sa barci, da farasitamol saboda ciwon kai. Da hannunta take ba shi a cokali, tana jera masa sannu. In ta gama kuma sai ta ƙara garwashi a kasko, don kada masu dubiya su tarar da ɗaki ba ƙamshi. Shi kuwa gogan naka ya san inda gizo ke saƙar, domin da ya isa gona ƙirjinsa ke buɗewa. Amma ina bakin da zai ce mata abin da ta yi dominsa ne ke shaƙe shi? Ya gwammace ya yi ta shan kwalba bayan kwalba da ya ga ranta ya ɓaci.

Ana haka, wata safiya numfashi ya nemi gagararsa, aka kwashe shi sai asibiti. Da ya dawo hayyacinsa, likita ta tambaye shi ko ya lura da abin da ke tayar masa da tarin. Ya dubi matar, ya sunkuyar da kai kamar sabon ango, da ƙyar ya ce, "Turaren ne." Hawaye suka zubo wa dattijuwar don tausayin irin wahalar da ya daɗe yana haɗiyewa saboda ita. Ta kama hannunsa ta ce, "Haba Malam! Ƙamshi na aura, ko kai?" Suna komawa gida ta fitar da kaskon, ta wanke rigunan nan tas, ta shanya a rana. Ya sha maganin da likita ta rubuta, kafin a gama noman firi tarin ya yi masa ban kwana.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.