Baba Gajere Ya Ƙi Miƙa Hannu

"Baba, miƙo hannunka," in ji Lauratu, ma'aikaciyar lafiya mai bin gidajen unguwar Nima tana tambayoyi da awon hawan jini. Ta riga ta rubuta amsoshinsa: goro goma kullum, gishiri ba ƙaƙƙautawa, shekara saba'in bai san asibiti ba.

Baba Gajere ya noƙe. "'Yata, ko mai magani a kasuwar Madina sai ya sha muke saya. Fara da kanki."

Tana dariya ta ɗaura abin awon a damtsenta. Sai dariyar ta tsaya. Jininta ya hau sosai. Ta auna Baba, nasa lafiya lau.

Ya karɓe biron, ya turo mata kujera. "To, zauna mu fara. Gishiri nawa kike ci?"