Jinin Zakin Dutse

Sau biyu tumbin Don Fulgencio yana maƙalewa a matakalar hasumiya kafin ya kai rufin babban cocin. Maginan zamanin da sun yi ta siririya, tana murɗewa kamar hanji, ba su yi ta don mai ƙiba ba, ko hawa ko sauka.

A aljihunsa akwai 'yar kwalba. Da safen nan, kamar kowace shekara ranar Waliyyi Martin, Saturio mai kaɗa ƙararrawa ya yi ta bugu har kunnuwa suka toshe, sannan indararon dutse mai siffar zaki da ke saman ƙofar arewa ya fara ɗigar da jini. Mata suka durƙusa, maza suka cire hula, masu sayar da kyandir suka ninka farashi. Don Fulgencio, mai kantin magani, wanda shi kaɗai ne ya karanta littattafan Faransawa a duk garin Valdecorza, ya tara kwalbarsa.

Makon da ya wuce, a gidan shan kofi, ya buga tebur ya ce fenti ne da bututu, dabarar limaman coci ce kawai. Ya kuma rantse a gaban kowa: in ya hau rufin bai gano dabarar ba, zai shiga gaban jerin gwanon yammar ranar waliyyin babu takalmi, da kyandir a hannu. Fada Anselmo, limamin cocin, ya ba shi makullin hasumiya da hannunsa, har da sa masa albarka, abin da ya fi komai ɓata masa rai.

Dangin Saturio a kan rufin nan suke zaune tun kakanni, cikin wata bukka da ta jingina da hasumiya. Bishop ya yarda musu da kiwon kaji, bai yarda da komai bayan kaji ba. Don Fulgencio ya tarar da Benigna, matar Saturio, a durƙushe tana goge duwatsun rufin da ruwan zafi.

"Sannu da hawa, yallaɓai," ta ce. "Ka iso da ranka? Mun ji nishinka tun daga ƙasa, na ce wa Saturio iska ce ta shiga mazirari."

"Me ake wankewa da sassafe haka?"

"Ranar waliyyi ce, yallaɓai. Ko so kake ya leƙo ya ga kashin kaji?"

Bai kula ta ba. Ya cire kwat, ya fiddo 'yar gudumarsa. Ya bi kwatamin dalma da rarrafe tun daga gindin hasumiya har ƙeyar zakin, yana ƙwanƙwasa kowane dutse, yana kasa kunne. Ya zura hannu cikin maƙogwaron zakin har kafaɗa. Ya tsallake wani kwando cike da albasa, ya kewaye wani ɗan shinge da babu komai cikinsa sai ciyawa da kwamin zuba abinci, domin ba a ɓoye injin yaudara a irin wannan wuri. Iska na ɗauke da ƙaurin babbaka. Ya rubuta a ransa cewa turaren coci ya lalace bana.

Saura bukkar. Ya tura ƙofa. A kan dogon tebur wani na kwance, an lulluɓe shi da farin zanen gado tun daga kai har ƙafa, ƙato, ba ya motsi.

"Baƙonmu ne, yallaɓai," in ji Saturio, yana murza hularsa. "Tun bazara yake tare da mu. Ci kawai ya sani. Yau dai Allah ya hutar da shi."

Don Fulgencio bai yarda da Allah ba, amma yana da tarbiyya. Ya sunkuyar da kai, ya yi musu gaisuwa, ya ja ƙofar a hankali. Sannan ya ɗaga katifarsu da ke shanye a waje, ya leƙa cikin ƙararrawa ɗaya bayan ɗaya. Babu fenti, babu bututu.

A kantinsa ya ɗiga abin da ke kwalbar a gilashi, ya sa a madubin bincike, ya duba har idonsa ya yi ruwa. Jini ne. Jini mai kyau kuwa, na wanda bai taɓa kwana da yunwa ba.

Da yamma duk garin ya fito kallo. Ya taka duwatsun titi masu sanyin Nuwamba da tafin ƙafa, kyandir na ɗiga masa a yatsu, abokansa na gidan kofi suna biye suna tambayarsa ko Faransawan sun aiko da gaisuwa. Da ya zo ƙarƙashin zakin sai ya durƙusa. Fada Anselmo ya yi kuka, ya ce zai rubuta wa Roma.

Bayan kwana biyu yana zaune a gida, ƙafafu cikin ruwan ɗumi, yana haddace addu'ar da ya manta tun yana yaro, sai matarsa Herminia ta ajiye masa faranti. Morsiya ce, hanjin nan da ake ɗurawa jini da albasa, wadda Benigna ke kai wa matan gari kowace shekara a irin wannan mako. Shekara ashirin yana cewa babu kamarta a duk yankinsu na Kastiya.

"Guda biyu kacal?" ya ce.

"Ka gode da ka samu," in ji Herminia, tana yanka burodi. "Benigna ta ce aladen da suka yanka a rufin coci bana ya fi na bara shure-shure. Kafin ta tara kwano, rabin jinin ya bi indararo."